Inuwa Ba Baƙa Ba Ce

Muna idar da sallar asuba muka yi ɗawafin ban kwana, muka ja jakunkunanmu zuwa bakin masauki inda doguwar mota take jira. An ce ƙarfe shida za a bar Makka. Sai bakwai da kwata muka motsa, domin a kowace tafiya ba a rasa Hajiya ɗaya da za ta tuna ta bar buta ko takalmi a hawa na tara. Mu arba'in da 'yan kai ne, ayarin umra daga Gusau da kewaye, kuma tsarin ranar ƙarshe kowa ya san shi: a kai mu Jidda, a sake mu a kasuwa mu yi tsaraba, ƙarfe bakwai na yamma a kwashe mu zuwa filin jirgi.

Ku da kuka dame ni da saƙonni kuna tambayar labarin da ya riga ni isowa gida, wai Malama ta so ta gudu a Jidda, ku gyara zama. Ban gudu ba, ban kuma ba kowa haƙuri ba, har gobe ma ba zan bayar ba.

Sai dai in ban fara da wata tsohuwar takarda da ke cikin jakata ba, ba za ku gane komai ba. Ina da shekara goma sha takwas, a kwalejin horon malamai, malaminmu na zane ya ce kowa ya zano wani abu daga unguwarsu. Na zana bangon masallacinmu da ake shafe wa farar ƙasa, da inuwar darbejiya a kansa da la'asar sakaliya. Inuwar na yi ta shuɗi-shuɗi da ɗan shunayya, don haka idona ya nuna mini. Malam ya ɗaga takardar a gaban aji, ya tambaye ni ko a unguwarmu bishiya a marina take kwana. Aka kwashe da dariya. Ya zare jan biro ya rubuta a tsakiyar zanen, ba ma a gefe ba: "Inuwa baƙa ce." Ya ba ni uku cikin goma. Shekara talatin da biyar ke nan, takardar tana nan, duk ta karye a ninki.

Abin kunyar shi ne ni ma na zama malamar zane a makarantar 'yan mata, kuma shekara ashirin da bakwai ina koyar da abin da ya faɗa. In yarinya ta sa wa inuwa launi, sai in zagaye wurin da ja, in ce ta gyara, masu duba jarrabawa ba sa son iyayi. A littafin da muke koyarwa da shi akwai shafi ɗaya kan wani Bafaranshe da ya rasu tun zamanin kakanninmu, cikin masu salon da littafin ke kira Impressionism, waɗanda suka bar ɗaki suka fita fili da akwatin fentinsu suna zana haske yadda ya faɗo kan abu a daidai lokacin. Littafin ya ce mutumin ba ya sa baƙi a inuwa. Amma hoton da aka buga a shafin baƙi da fari ne, kwafin kwafi, ko bishiya da hadari ba ka bambancewa. Na duba a waya na ga launi, na nuna wa wani abokin aikina, ya ce waya ba shaida ba ce, ita da ke mayar da baƙar amarya fara tun kafin a kai ta ɗaki. Don haka ranar da ɗan goggona da ke Jidda ya aiko mini da hoton wani allon talla, cewa an aro zane-zanen mutumin nan daga Turai an raba su a gidajen zane biyu na garin, na ce ko ana ha-maza-ha-mata sai na gani da idona. Ko dai ni ce mai gaskiya tun ina yarinya, ko in yaga takardar nan in huta.

Hanyar Makka zuwa Jidda shimfiɗaɗɗiya ce, ba rami ko ɗaya, har na ji tausayin direban, ba shi da abin kauce wa. Duwatsu baƙaƙe dama da hagu, babu ko ciyawa, sai garken raƙuma nan da can cikin shinge. Muka wuce ƙarƙashin babbar ƙofar nan mai siffar abin ɗora Alƙur'ani, wasu suka fara sharar hawaye don an bar ƙasa mai alfarma, wasu suka fito da takardar jerin masu jiran tsaraba. Hajiyar da muka yi mako biyu a ɗaki ɗaya ita ce kusa da ni. Da na faɗa mata inda za ni, sai ta janye jakarta daga jikina.

"Malama, daga ɗawafin ban kwana sai ɗakin hotunan Nasara? Ladan da kika tara ko wuni ba za ki bari ya yi ba?"

Na ce, "Hajiya, bishiyoyi ne da ruwa da gonaki. Ke fa, ina kika nufa?"

"Layin gwal."

"To Allah ya kai mu lafiya, kowa da abin da zai je kallo."

Ta juya fuskarta taga, ta koma lissafin tsarabarta.

Jidda ba ta yi maka sallama, jiƙa ka take yi. Iskar Makka busasshiya ce, amma muna sauka a kasuwar Bab Sharif na ji hijabina ya manne mini a wuya. Muka karya da tamis, burodin nan mai faɗi da ake zarowa daga tanda da zafinsa, da kwanon ful, waken da aka dama da man zaitun, da shayin madara mai ƙamshin kanumfari. Duka bai kai riyal goma ba, kuma shi ne abu mafi arha da na gani a garin. Ina gamawa na nufi jagoranmu. Wani Alhaji ne mai haƙuri, shi ke riƙe da fasfo ɗinmu duka a jakar da yake rataye a ƙirji, ko alwala zai yi ba ya cire ta. Na ce ya ba ni nawa, zan je kallon zane in dawo kafin bakwai.

Ya dube ni daga sama har ƙasa. "Malama, na daɗe a aikin nan. Wata ta ce mini asibiti za ta, wani ya ce gaisuwar mutuwa. Har yau ba su dawo ba, kuma ni na sha wahalar. Amma kallon zane, wallahi yau na fara ji."

In ba ku sani ba, a irin wannan rana ce mutane kan zame daga ayari, su shige unguwannin kudancin Jidda su zama 'yan takari, masu zama ba takarda. Duk mai ɗan'uwa a garin, ido yana kansa. Ni kuwa kowa ya san ina da goggo a unguwar Sa'alaba. Raina ya ɓaci, na ɗaga murya yadda duk ayarin zai ji.

"Alhaji, ni da saura kaɗan in yi ritaya, in bar fanshona in zo nan ina wanke wa Larabawa kaya? Ka dube ni da kyau."

"Sannu da zuwa, 'yar yayana."

A bayana muryar ta fito. Goggo ce, ƙanwar mahaifina, cikin baƙar abaya, ɗanta na tsaye a gefenta da makullin mota a hannu. Ta zo aikin hajji da mijinta shekara arba'in da suka wuce, suka zauna, ya rasu ya bar ta da yara, kuma da wanki da guga ta raine su. Na so ƙasa ta tsage in shige. Ita kuwa ko kallona ba ta sake yi ba, ta juya wajen jagora.

"Kai Alhaji, in ɓoye ta zan yi, ba a gabanka zan zo ɗaukarta ba. Ga iƙamata, takardar zamana, duba. Bakwai ka ce? Halas, shi ke nan, bakwai."

Bai ba ni fasfon ba. Katin ayari kawai ya rataya mini, ya ce in bakwai ta buga, ko mahaifiyarsa ce ba ta cikin mota, tashi zai yi. Na ce na ji, ya gaida mahaifiyar tasa.

Ɗan Goggo taubashina ne, magidanci mai 'ya'ya huɗu, a Jidda aka haife shi, kuma ruwan gora yake rabawa shaguna a ƙaramar motar ɗaukar kaya. Hausarsa rabi Larabci ce, kuma Abla yake ce mini, yadda suke kiran malama ko babbar yaya. Muka matsu mu uku a gaba, Goggo a tsakiya. Gidan zane na farko yana bakin tsohon gari, inda gidajen dutsen teku suke, masu tagogin katako da suka turo kai waje kamar suna leƙen masu wucewa. Na sauka da sauri, na gyara mayafi, na isa ƙofa. A rufe take ruf. Wata ƙaramar takarda ta ce sai ƙarfe huɗu.

"Abla, wallah na manta in faɗa miki," in ji taubashina yana sosa ƙeya. "Hina, a garin nan, mutane ba sa tashi da safe. Ba'ad al-asr komai yake buɗewa."

Na tsara tafiyar nan kamar jadawalin makaranta: gida ɗaya da hantsi, gida ɗaya da azahar, in dawo in yi wa jagora dariya. Ashe Jidda sai rana ta yi sanyi take wanke fuska. Awa uku kacal suka rage mini, daga huɗu zuwa bakwai.

Muka yi kudu zuwa Sa'alaba. Nan babu dogayen benaye, sai gidaje masu hawa biyu ko uku da fenti ya gaji, na'urar sanyaya ɗaki tana ɗiga a kan kowane lungu, wayoyin lantarki a harɗe, da kuliyoyi ƙosassu da ba sa matsa wa mota. Na ji Hausa ta ko'ina, amma irin wadda ta biyo ta Sudan ta sha Larabci a hanya. Wani mai tsire ya kafa tukubarsa a kwana, Larabawa na layi suna cewa a ba su siriya. Goggo ta yi mini tuwon shinkafa da miyar kuka, ta ce ta san na gaji da kaza da shinkafar masauki. Na ci, ina ta jiran ta tayar da maganar da na yi a gaban jagora.

Bayan azahar ta ce in biyo ta saman bene. Baho biyu ne a can cike da fararen riguna na maza, irin dogayen nan da ake sawa a ƙasar. Har yanzu akwai gidaje uku da suka ƙi kai kayansu wurin inji, sai ita.

"Ga kayan Larabawan," ta ce. "Taya ni shanya, tunda yau ba ki da aji."

Na ce muku ban ba kowa haƙuri ba. To in gyara: na ba mutum ɗaya, a saman benen nan, har da durƙusawa. Ta ce in tashi kada in jiƙa zanena. Ta kwance ƙullin bula ta zuba a ruwa, ta motsa da hannu har ya yi shuɗi, tana tsoma riga ɗaya bayan ɗaya, tana matsewa tana miƙo mini. Ta ce fari in ba a ba shi bula ba, rawaya yake komawa, kuma in ta yi yawa mai rigar ya fita kamar an yi masa turare da shuni. Hannunta ya san awon, ba ta taɓa amfani da cokali ba. Muna gamawa ta ɗauko abayarta ta zuwa unguwa, wai za ta bi mu. Na ce ta huta, ta ce a'a, abin da ya hana 'yar Gusau zuwa layin gwal, sai ta gan shi.

Ƙarfe huɗu da minti biyar muna cikin gidan farko. Taubashina ya yi mana rajista ta waya, aka duba, aka bar mu. Sanyin ciki kamar na shagon sayar da magani, ƙasa na sheƙi, kowa na magana ƙasa-ƙasa. Da sauri na isa gaban zanen farko. Tebur ne da kwano da mataccen tsuntsu, duk ruwan ƙasa, inuwar ƙarƙashin kwanon baƙa ƙirin. Na matsa na biyu. Wani dattijo ne cikin baƙar kwat a ɗaki mai duhu. Na uku, na huɗu, duk haka, sai zanen fensir na jiragen ruwa da fuskokin mutane. Na zaga ɗakunan biyu kaf ban ga shuɗin inuwa ko na magani ba. Na ji dariyar ajin nan tamu a kunnena kamar jiya aka yi ta.

"Wannan ne ya hana ki gwal?" in ji Goggo. "Mutumin nan ba a biya masa kuɗin wuta ba ne?"

Ban iya dariya ba. Wata ma'aikaciyar wurin, Balarabiya mai fara'a, ta ga ina ta dube-dube, ta zo. Da ɗan Turancina da Larabcin taubashina muka fahimci juna. Ta ce waɗannan na ƙuruciyarsa ne, lokacin da yake zana abu yadda aka koya masa. Na bayan nan, da ya yi watsi da koyarwar ya fita fili, suna ɗaya gidan, can arewa a bakin teku. Na ce a raina, ashe shi ma ya gamu da malami irin nawa.

Biyar saura kwata muka fito. Taubashina ya dubi agogo ya girgiza kai. "Abla, yanzu zahma ce, cunkoso, duk gari ya fito. Zuwa mumkin, amma dawowa kafin bakwai, Allahu a'alam." Kafin in amsa wayata ta yi ƙara. Jagora ne, wai yana tuna mini kawai, kuma an ce masa tun ɗazu ba a gan ni a kasuwa ba. Na ce ba za a gan ni ba, don ba can na ce za ni ba. Ya ce in jirgi ya tashi ba ni, in kuka da kaina. Na kashe wayar gaba ɗaya na jefa ta a jaka. Tsoro na ji, ba zan ɓoye muku ba, don fasfona na ƙirjinsa, mijina da 'ya'yana na jirana. Amma in koma Gusau da abin da na gani a ɗakunan nan biyu kawai, gara ban zo ba.

"Yalla, mu tafi," in ji Goggo, ta buga gaban motar da tafin hannu.

Muka bi ta Ruwais, tsohuwar unguwar masunta da yanzu dogayen gine-gine suka yi wa zobe, muka faɗa titin bakin teku. Mota ta cushe, tafiyar minti goma sha biyar ta ci mana arba'in. Iyalai sun shimfiɗa darduma a bakin ruwa da butocin shayi, masu balila, dafaffen waken nan, na tura kekensu, ga ruwan nan da ake harbawa sama daga cikin teku, iska na karkatar da kansa. A wata rana da na ce a tsaya in sha kallo. Ranar kuwa agogon gaban mota kawai nake kallo, ina jin haushin duk wanda ya kunna sigina.

Gida na biyu sabo ne, fari, gabansa gilashi tun daga ƙasa har sama, da matakala mai faɗi. Taubashina ya ajiye mu ya tafi neman wurin tsayawa. Na fara hawa, na waiwaya, ba Goggo. Can na hango ta ta bi gefen ginin, ta nufi wata ƙaramar ƙofar ƙarfe kusa da inda ake ajiye kwandunan shara. Babu wanda ya nuna mata can. Mai gadin babbar ƙofa ma murmushi yake yi mana. Ƙafarta ce kawai ta saba: shekara arba'in duk babban gidan da ta je a garin nan, ta baya take shiga da ƙullin kaya a ka.

Na sauko na kamo hannunta. "Goggo, ina za ki?"

"Ba ta nan ake bi ba?"

"Yau ba kaya kika kawo ba. Da sunanki aka yi rajista, ta gaba za mu shiga."

Sai ta gyara abaya, ta ɗaga kai, ta haye matakalar nan a gabana, a hankali, tana amsa gaisuwar mai gadi kamar gidan na mijinta ne.

Ɗakin dogo ne, fitilu a saman kowane zane. Don zumuɗi na tafi kai tsaye har hancina ya kusa taɓa na farko, wata na'ura ta yi ƙara, na ja baya da kunya. Daga kusa ba komai ba ne sai dangwale-dangwalen burushi, kore a kan rawaya, ruwan hoda a kan shuɗi, ko layi ɗaya miƙaƙƙe babu. Da ɗalibata ce ta kawo mini haka, da na ce ta je ta sake.

"Wannan ai bai ƙarasa ba aka ƙwace," in ji Goggo.

Wani ma'aikaci ya yi mana alama da hannu mu ƙara ja da baya. Muka ja taku biyar, muka ja shida. Sai abin ya haɗu. Kogi ne da safe, hazo na tashi a kansa, har kana jin sanyin. Na gaba kogin ne dai, wuri ɗaya, amma da rana tsaka. Na gaba kuma da yamma, ruwan ya koma ruwan goro. Mutumin ya zauna wuri guda yana bin haske yadda mai gona ke bin damina. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, har na iso bangon ƙarshe.

Lambu ne da rana ta karkata. Wata mace cikin doguwar farar riga tana tsaye ƙarƙashin bishiya, an shimfiɗa farin mayafi a kan ciyawa, inuwar ganye ta zuba a kan rigar da mayafin. Inuwar shuɗiya ce. Inda ta yi kauri ta koma shunayya. Na matsa daidai iyakar da aka yarda, na cire tabarau na goge na mayar, na bi zanen kusurwa-kusurwa ina neman baƙi. Babu ko ɗigo. Ba waya ba ce, ba kwafi ba ne, ga tudun fentin nan yadda burushinsa ya bar shi. Hawaye suka zubo mini, kuma ba na taushin zuciya ba ne, na haushi ne.

Goggo ta karkata kai tana kallo. "To, wannan dai ya san kaya. Ko uwarsa mai wanki ce?"

Na ce me ta gani.

"Ninkin rigar mana. Haka fari yake yi da la'asar in yana kan igiya. Da hantsi inuwar tasa ruwan bula ce, in rana ta yi ƙasa ta ƙara duhu ta ɗauko ja-ja. Da ita nake gane lokacin kwashe kaya, ba na duba agogo."

Na buɗe jaka na fito da takardar. Na warware ta a hankali don kada ta rabu, na ba ta labarin tun daga bangon masallaci har zuwa uku cikin goma. Ta karɓa, ta miƙa hannu nesa da fuskarta yadda ta ga an yi wa na bango, ta dubi nawa, ta dubi na Bafaranshen.

"Malamin naku bai taɓa shanya ba," ta ce. "Wa ke masa wanki?"

"Matarsa, ina ji."

"To da ita ya tambaya."

Na yi dariya da hawaye a fuska har wasu Turawa suka waiwayo. Da na ga ta goyi bayana, sai na ƙarasa mata sauran, cewa ni ma haka nake yi wa ɗalibaina, saboda jarrabawa. Dariyar ta ɗauke daga fuskarta.

"Yana raye, malamin?"

"Ya rasu tuntuni, Allah ya jiƙansa."

"Amin. To jan biron a hannun wa yake yanzu?"

Ta ninke takardar ta miƙo mini. Na zo Jidda in kayar da mamaci a shari'a, na kuma kayar da shi, amma ban fita sakayau ba.

Muka yi magariba a ɗakin sallar gidan, muka fito shida da kwata. Abin da taubashina ya yi da motar ruwan nan a lungunan Jidda, Allah ya yafe mana gaba ɗaya. Bakwai da minti takwas muka iso Bab Sharif. Doguwar mota na nan, injin na aiki, jagora na tsaye a ƙofa idonsa ja. Na shirya amsa tun daga hanya, amma bai ba ni damar amfani da ita ba. Ya ce in shiga kawai, ba ni ake jira ba. Hajiyar ɗakinmu ce ba ta dawo daga layin gwal ba, kuma sai bakwai da rabi ta ɓullo da leda shida, tana cewa ai ba a gaya mata lokaci ba. Goggo ta tura mini wani ƙulli ta taga. Bula ce, cikin tsumman farar riga.

Mun sauka Kano da hantsi, muka kama hanyar Gusau, ramuka suka yi mana barka da dawowa. Dangi suka cika gida. Na raba dabino da zamzam, masu jiran abaya da zobe suka tafi suna ƙunƙuni, har wata ta ce ai dama an ce ban je kasuwa ba, yawo na tafi. Na ce ƙwarai kuwa.

Ranar Litinin na karɓi darasin yamma. Na aro fararen hijabai goma daga ɗakin kwanan ɗalibai, na tsoma su a bular Goggo, na ɗaura igiya a bayan aji na shanya. Na fito da 'yan aji biyar waje, na ce su faɗa mini launin inuwar da ke cikin ninkin. Baki ɗaya suka ce baƙi, ko kallon igiyar ba su yi ba. Ni na koya musu, ba ni da bakin faɗa. Na ce ba tambayar jarrabawa ba ce, su duba. Suka juya suka ƙura wa igiyar ido. Can wata daga baya ta ce, a tsorace, "Malama, kamar shuɗi-shuɗi." Na ce ta maimaita da ƙarfi.

Mataimakin shugaban makaranta ya kira ni washegari, wai ya ji ina sauya manhaja, kuma in masu duba jarrabawa suka rage wa yara maki, ni zan amsa. Na ce zan amsa. Na gayyace shi bayan aji da la'asar ya duba da idonsa, har yau bai zo ba.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai yawa ba ne. Na haye teku, na yi faɗa da jagora, na kusa rasa jirgi, don Bafaranshe ya tabbatar mini da abin da ke kan igiyar shanyar kowane gida a Gusau, abin da Goggo ta sani ba tare da ta taɓa riƙe burushi ba. Ba na nadamar zuwa, kuma in aka sake kawo zanen, zan sake barin kasuwa. Tsohuwar takardar yanzu tana manne a saman allon ajina, da rubutun Malam da uku cikin gomansa, kowa na gani. Kwalbar baƙin fenti tana cikin durowata a kulle, tare da jan biron. Yarinyar da take son baƙi sai ta fita waje ta nuna mini inda ta gan shi.